Gidan da ake rufe magana, nan fatalwa ke kwana

 Yau ba maganar tsadar hatsi muka zo da ita ba, ba kuma ta siyasa ba. Maganar wani littafi ce na fatalwa da aka rubuta don yara masu tasowa. Kada wani ya ce mun rasa abin faɗi. Ku dai ba mu aron hankalinku, za ku ga inda zancen ya dosa.

Duk mai matashi a gida ya san yadda dare ya koma yanzu. An yi isha'i, an ci tuwo, yarinya ta shige ɗaki da salula tana sauraren labari. Samari na fada, shayi na bisa gawayi, ɗaya ya kunna labarin aljanu ko na fatalwa da wani ke karantawa a YouTube, ko wanda aka turo ta WhatsApp, kowa ya yi tsit. Iyaye da yawa abin na ci masu rai. Wani ya ƙwace salular, wata ta ce shirme ne, ƙarya ce, abin hana barci ne. Mu a namu gani, kafin a ƙwace ya kamata a tambaya: mi ke cikin labarin? Don mafi kyawun irin waɗannan labarai, in ka tone su, za ka tarar fatalwar da ke ciki wata magana ce da manyan gida suka rufe, aka bar yaro yana kwana da ita shi kaɗai. Irin wannan fatalwa kuwa akwai ta a gidajenmu, ko mun yarda ko ba mu yarda ba.

LABARIN HELEN

Bari mu ɗauki littafi guda mu buɗe shi, don kada zancen ya tsaya a iska. Sunanshi Wait Till Helen Comes, wato "bari dai Helen ta zo". Wata Ba'amurkiya ce ta rubuta shi da Ingilishi, Mary Downing Hahn, wadda aka haifa a 1937, ta kuma yi shekaru tana aiki a ɗakin karatu na yara a jihar Maryland. Littafin ya fito a 1986, an mai da shi fim a 2016, har yau kuma yara na karanta shi a can. Za mu ba da labarin har ƙarshe, don haka wanda ke da niyyar karantawa ya yi mana haƙuri.

Wata mata ce mai ɗiya biyu, Molly ƴar shekara 12 da ƙanenta Michael ɗan shekara 10, ta auri wani mutum mai suna Dave. Shi kuma yana da ɗiya guda, Heather, ƴar shekara 7, wadda uwarta ta rasu cikin gobara tun tana da shekara 3. Kun ga ke nan gida ne na haɗe-haɗe: mata ta zo da agola biyu, ta tarar da marainiya. Suka tashi daga birnin Baltimore suka koma ƙauye, cikin wata tsohuwar majami'a da aka gyara ta zama gidan zama, ga maƙabarta a bayan gida. Molly ce ke ba da labarin da bakinta.

Heather ba ta son matar ubanta, ba ta son ɗiyan matar. Ƙarya take ƙulla masu, ta ruga wajen ubanta da kuka, shi kuma ko bincike ba ya yi, nata yake ɗauka. Kullum hujjarshi ita ce yarinya ta ga abin da ta gani, a tausaya mata. Ma'auratan biyu masu sana'ar hannu ne, ita zane, shi ginin tukwane. Kowa ya duƙufa ga aikinshi, aka bar wa Molly rainon yarinyar da ba ta ƙaunar ganinta.

Ana nan sai Heather ta gano wani ƙaramin kabari shi kaɗai ƙarƙashin itace, babu suna a jikinshi sai haruffa uku, H.E.H., waɗanda suka yi daidai da haruffan farko na sunanta. Kabarin Helen ne, yarinya sa'arta da ta mutu kimanin shekara 100 da suka wuce. Gidansu ne ya ƙone, uwarta da mijin uwarta suka mutu a ciki, ita kuma ta nutse a tabkin da ke kusa. Heather ta ƙulla ƙawance da fatalwar wannan yarinya. Duk lokacin da aka ɓata mata rai sai ta yi barazana da zuwan Helen, daga nan sunan littafin ya samo asali. Molly ta ga abin da idonta, ta faɗa, ba wanda ya yarda. Ƙanenta ya ce camfi ne, uwarta ta ce tsoro ne kawai, mijin uwar ya ce ita ce ke tsorata mashi ɗiya.

Abin da Helen ke so shi ne ta ja Heather cikin tabkin nan su zauna tare har abada, don kaɗaici ya ishe ta. Ranar da abin ya kusa faruwa, Molly ce ta faɗa ruwan ta jawo yarinyar, yarinyar da ta daɗe tana ƙulla mata sharri. Suka fake cikin kangon gidan su Helen, ruɓaɓɓen katakon da suke tsaye a kai ya karye, suka faɗa wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. A nan suka tarar da ƙasusuwan uwar Helen da mijinta, waɗanda ba a taɓa ganowa ba. A nan ne kuma, cikin duhu, Heather ta buɗe baki ta faɗi abin da ta ɓoye shekara huɗu: ita ce ta haddasa gobarar da ta ci uwarta, tana wasa da murhun girki. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don ta sa a ranta cewa in ubanta ya ji zai daina son ta. Helen ma haka abin yake, ita ta tada wutar gidansu ba da gangan ba, shi ya sa ta kasa samun kwanciya. Daga ƙarshe Helen ta roƙi gafarar uwarta, ta samu, ta tafi. Heather ta gaya wa ubanta, bai kuwa daina son ta ba.

Ku lura da abin da ya kori fatalwar. Ba wanda ya rataya laya, ba wanda ya gudu daga gidan. Magana ce aka faɗa, aka ji, aka yafe.

INDA IRIN WANNAN RUBUTU YA SAMO ASALI

Wannan salo yana da suna a wajen Turawa, suna ce mashi gotik. Asali sunan wani tsohon salon gini ne na Turai, na manyan majami'u da gidajen sarakuna masu dogayen soraye da lunguna masu duhu, sai aka ara wa labaran da ke faruwa cikin irin waɗannan gine-gine. Wanda ake ɗauka ya buɗe ƙofar shi ne Horace Walpole na Ingila, da littafinshi The Castle of Otranto a 1764. Mi ke cikinshi? Wani basarake ne abubuwan al'ajabi suka addabe shi cikin fadarshi, ɗanshi ya mutu ranar aurenshi, ashe kakan basaraken ne ya ba mai sarautar na gaskiya guba ya haye gadon. Tun daga littafin farko ke nan, fatalwa da cin amanar dangi tare suka taho.

A 1847 Charlotte Brontë ta fitar da Jane Eyre. Wata marainiya ta kama aikin koyar da yarinya a wani babban gida, tana jin dariya da motsi cikin dare. Ashe matar maigidan ce mai taɓin hankali, ya kulle ta a saman bene ya ɓoye wa duniya, har ya nemi auren marainiyar bai gaya mata ba. Ƙarshe matar ta cinna wa gidan wuta. A 1938 Daphne du Maurier ta rubuta Rebecca, labarin amarya da ta shiga gidan da uwargida ta rasu, amma sunan marigayiyar da kayanta da mai yi mata hidima suka hana ta sakat, ga kuma miji ya rufe gaskiyar yadda matar ta mutu. Shi ma gidan ƙonewa ya yi. Matan da suka taɓa shiga ɗakin wadda ta rasu ba sai an yi masu dogon bayani ba. Sai Toni Morrison, baƙar fatar Amurka da ta samu kyautar Nobel a 1993. A littafinta Beloved na 1987, fatalwar ƴar jaririya ce ke damun gidan uwar da ta kashe ta da hannunta don kada a mai da ta cikin bauta. Labarin ya samo tushe daga wata baiwa ta gaskiya, Margaret Garner, da ta aikata haka a 1856. Waɗannan duk na manya ne. Abin da Hahn da ire-irenta suka yi shi ne sauko da salon daidai hankalin ɗan kolej.

Kun dai ga zaren da ya ɗinke su: tsohon gida, abin da aka rufe, da wani ƙarami ko baƙo da ya shigo ya fara jin motsi. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Marubutan nan sun nuna cewa in kunya ta yi yawa a gida har ta hana magana, ita ce ke rikiɗewa ta zama tsoro.

ABU UKU DA LITTAFIN HELEN YA GANI

Na farko, yaro na ɗaukar laifin da ba nashi ba. Ƴar shekara 3 da ta taɓa murhu ba ta da alhaki, ai yaro bai san wuta ba sai ya taka. Amma hankalin yaro ba ya lissafi haka. Duk abin da ya faru a gida, shi a kanshi yake ɗora shi: an saki uwarshi don ya yi rashin ji, ƙanenshi ya rasu don ya taɓa yi mashi mugun fata, baba ya tafi bai dawo ba don ya gaji da shi. In babu babban da ya zaunar da shi ya ce "ba kai ba ne", to zai riƙe abin, ya girma da shi. Mu manya sai mu ce ai yaro ne, ya manta. Bai manta ba fa. Ya ga mun yi shiru ne, shi ma ya yi.

Na biyu, abin da aka danne sai ya nemi mafita. Heather ba ta iya cewa "ina tsoron baba ya tsane ni", sai abin ya riƙa fita ta ƙarya, da tsiwa, da haɗa faɗa, da firgita cikin barci. Mutanen gida suna ganin fitinar, ba su ganin abin da ke ƙarƙashinta. Nawa ne cikin yaran da muke ce wa masu taurin kai, ko masu baƙin hali, ko mu ce iska ta taɓa su, alhali wani abu ne ke cin su da ba su da bakin faɗi? Ba mu ce dukansu ba. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, balle cikin yaro da yake ƙarami.

Na uku, kuma shi ya fi mana zafi: uban nan yana son ɗiyarshi so na gaske, amma son bai sa ya san ta ba. Yana kare ta daga kowa, sai dai bai buɗe mata ƙofar da za ta faɗi abin da ya faru ranar gobarar ba. Sai yarinya ta je ta nemi mai saurarenta a maƙabarta. Nan ne ainihin abin tsoron littafin yake. Yaron da bai samu kunne a gida ba zai samu a waje, kuma ba kowane mai saurare ke nufin shi da alheri ba. A labari sunanta Helen. A zahiri yana iya zama wani baƙo a Facebook, ko abokin da zai miƙa mashi ƙwaya a bayan lakwal, ko saurayin da ya gane yarinya na neman wanda za ta yi wa kuka.

Kuma wa ya cece ta? Agola. Wadda ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, wadda ita aka fi zalunta a gidan. Ita ce ta kula, ta bi sawu, ta shiga ruwa. Masu raba yaran gida ɗaya, wannan ɗan ɗakin wance, wancan an zo da shi, su yi tunani a nan. Ba ka san wanda zai jawo naka daga ruwa ba.

GA MASU CEWA A'A

Mun san akwai masu ja da mu, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Wasu za su ce: a addininmu mun san wanda ya mutu ba ya dawowa yawo a duniya, don mi za mu bar ɗiyanmu su cika kai da fatalwa? Gaskiya ne, mamaci ba ya dawowa, kuma ya kamata yaro ya san haka sarai. To amma kakanninmu da suka ba mu tatsuniyar Dodo, da ta Gizo da Ƙoƙi, ai ba su yi imani cewa gizo na magana ba. Kowa ya san ƙirƙira ce, shi ya sa ake rufewa da ƙurunƙus. Ana ba da ita ne don a isar da gaskiyar da ta yi nauyi a faɗa kai tsaye. Ɗan shekara 12 yana iya bambance labari da aƙida in an nuna mashi, kuma nunawar aikin uba ne da uwa da malam. Ƙwace littafi ba ya yin wannan aiki.

Wasu za su ce yana hana barci. E, wani yaron yana da raunin zuciya, kuma uwa ta fi kowa sanin nata. Ba mu ce a ba ɗan shekara 6 ba. Akwai kuma labarai da finafinan da babu komi cikinsu sai jini da yanka da tsiraici, an lulluɓe su da sunan ban tsoro. Waɗannan ba su muke karewa ba, a nisanta yara da su. A Amurka ma an samu iyayen da suka nemi a fitar da littafin Helen daga ɗakin karatun makaranta, don suna ganin yadda fatalwar ke kiran yarinya zuwa ruwa na iya ƙawata wa yaro kashe kai. Damuwa ce mai ma'ana. Sai dai wanda ya karanta har ƙarshe zai ga inda littafin ya tsaya: an jawo yarinyar daga ruwa, an nuna mata cewa abin da take gudu bai kai ta rasa ranta a kanshi ba. Maganin wannan damuwa shi ne babba ya san abin da yaro ke karantawa ko saurare, su yi hira a kai.

Hujja ta uku ita ta fi ƙarfi: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mu mutane ne masu rufin asiri, ba kowace magana ake gaya wa yaro ba, kuma gidan da ba shi da sirri ai kasuwa ce. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Sutura abu ne mai kyau, ba mu kuma fatan mu zama irin masu kwashe cikin gidansu su zuba a intanet. Amma fa sirri iri biyu ne, akwai naka, akwai na yaron. Abin da ya shiga tsakanin miji da mata nasu ne. Kuskuren da mutum ya yi a ƙuruciya ya tuba, tsakaninshi ne da Ubangijinshi. Amma wace ce ta haife ni, wane ne ubana, mi ya kashe uwata, da wa na sha nono, ina gadona, waɗannan na yaron ne. Ajiya ce a hannunmu, ranar da ya isa karɓa dole mu miƙa mashi.

IRIN NAMU A NAN GIDA

Ba sai mun je Maryland ba kafin mu ga Heather. Ga yarinyar da gwaggonta ta ɗauka tun tana jaririya, bayan uwarta ta rasu wajen haihuwa. Ta tashi tana ce mata inna, duk unguwa an sani sai ita. Ranar da za ta ji, ba a ɗaki za ta ji ba cikin lallashi. A bakin rijiya za ta ji, cikin gori, daga bakin wadda suka yi faɗa. Daga ranar ta daina yarda da kowa a gidan, har da wadda ta sha wahalar rainonta, alhali da an gaya mata tun da wuri, son da take yi wa gwaggon ƙaruwa zai yi.

Ga yaron da ubanshi ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya, manya sun daɗe da samun labarin da suka samu, amma shekara da shekaru ana ce mashi baba na nan tafe. Ga auren da aka kai kaya, aka sa rana, sai wata tsohuwa ta tuna ita ta shayar da su biyun. Ga ɗiyan da uba ya haifa a wani gari, ba a san da su ba sai ranar rabon gado. Ga ciwon sikila, wanda wasu ke ce wa amosanin jini, da dangi ke ɓoyewa don kada a ƙi auren ƴarsu. Likitoci sun yi bayani: in miji da mata kowanensu na ɗauke da ƙwayar ciwon ko da shi lafiya lau yake, to kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Gwajin jini kafin aure ke nuna wannan. Wanda ya sani ya rufe, jikanshi ne zai biya da kwanan asibiti.

Addini ma bai goyi bayan irin wannan rufi ba. A cikin Suratul Ahzab an yi umurni a riƙa kiran ɗan riƙo da sunan ubanshi na gaskiya, dalilin da ya sa Sahabi Zaidu ya koma ana kiranshi ɗan Harisa. Riƙon maraya lada ne babba, amma ba a ce a shafe mashi asali ba.

Ba muna nufin a tara yara yau a zazzage masu komi ba. Kowace magana da lokacinta, da wanda ya dace ya faɗe ta. Ɗan shekara 5 ya isa a ce mashi "kana da wata inna da ta haife ka, Allah ya yi mata rasuwa, tana son ka, mu yi mata addu'a". In ya kai 12 a ƙara mashi bayani. In ya kai aure a buɗe mashi sauran. A faɗa a ɗaki, daga bakin wanda ya yarda da shi, ba cikin fushi ba. In kuma abin ya shafi wani tsautsayi da hannun yaron ke ciki, gobara ce, ko ƙane da ya faɗa ruwa yana wajen, kada a gaji da maimaita mashi cewa ba laifinshi ba ne. Sau ɗaya ba ya isa.

GA MARUBUTANMU

Muna da kira ga masu rubuta labaran ban tsoro da Hausa, da masu karanta su a rediyo da intanet, da masu shirya fim. A yawancin abin da muke ji, sharrin daga waje yake zuwa: kishiya ta je wajen boka, tsohuwa mayya ce, maƙwabci ya yi jifa. Mutanen gida kullum wankakku ne. Wannan yana da illa. Yaron da ya tashi da irin wannan labari, ranar da ciwo ya kama ƙanenshi, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen unguwa zai kalla. Mun san yadda zargin maita ke raba zumunta, ya sa a ƙaurace wa baiwar Allah da ba ta ci ba, ba ta sha ba. Salon da muka kawo maku yau yana mai da tambayar cikin gida: mi muka yi, mi muka rufe, wa muka danne wa haƙƙi? Labarin da ke yin wannan tambaya ya fi ban tsoro, ya kuma fi amfani.

Kayan aikin kuwa ba sai an aro ba. Wanda ya taɓa shiga tsofaffin gidajen Birni a Damagaram, zaure bayan zaure, soro bisa soro, ya san ba mu rasa gidan da labari zai kwana ba. Ga ɗakin da aka kulle tun rasuwar kaka, ga adakar da ba a buɗewa, ga rijiyar da aka rufe ba a faɗin dalili, ga kufai da tsohuwar kuka a tsakiya, ga iskar hunturu na kaɗa ƙyaure da tsakar dare. A sa yarinya ƴar riƙo ko agola ta zama mai ba da labarin. A bar ta ta yi tambayar da aka hana. A rubuta da Hausar da muke yi, a karanta da murya don wanda bai yi lakwal ba shi ma ya ji. In aka yi haka, uwa da ɗiya za su iya sauraren labari ɗaya, wataƙila ma shi zai buɗe masu hirar da suka daɗe suna kewayewa.

Mu kuma iyaye, abu biyu muke roƙo. In kun ga yaro ya nace wa wani labari, ku ce ya ba ku shi da bakinshi, ku saurara, ku lura da wanda yake tausaya wa a ciki. Sau da yawa a nan za ku gane abin da ke ranshi. Sannan kowa ya duba cikinshi: akwai ajiyar wani yaro da nake riƙe da ita, wadda lokacin miƙa ta ya yi? In akwai, gara ya ji daga bakinka, kana da rai, kana iya amsa tambayarshi, da ya ji daga bakin maƙiyi, ko ya tono ta bayan an rufe ka.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya shirya mana zuri'a, ya kuma ba mu ƙarfin halin faɗa wa ɗiyanmu abin da yake nasu. Sai mun sake haɗuwa.